Matafiyi Da Takardar Gwaji A Lokacin Annoba

A watan Maris na 2020, Gwamnatin Tarayya ta rufe filayen jiragen sama ga masu fita ƙasashen waje saboda annobar korona. Ba a sake buɗewa ba sai a watan Satumba, a Legas da Abuja kawai.

Da aka buɗe, fasfo da biza da tikiti ba su isa ba. Ƙasashe da yawa sun shar'anta takardar gwaji mai nuna mutum ba ya ɗauke da cutar, kuma sai an yi gwajin cikin awa 72 kafin tashi. A nan hankalin matafiyi yake tashi. In ya yi gaggawa, takardar ta lalace kafin ranar tafiya. In ya yi jinkiri, jirgi ya tashi sakamako bai fito ba. Wanda kuwa aka samu da cutar, ko da yana jin garau, sai ya kwance kaya ya killace kansa, alhali ya riga ya yi sallama da dangi.

Maniyyata sun fi kowa ɗanɗana wannan. A 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. A 2022 ta karɓa, amma ban da waɗanda suka haura shekara 65.

An ɗage waɗannan dokoki. Sai dai katin rigakafin cutar shawara yana nan daram, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana 10.