Kafin Ka Juya Kwamfutar Shago Daga Gida

Ɗana, na ji daɗi da tsohuwar kwamfutar nan ta shago ta farfaɗo bayan ka ɗora mata Puppy Linux. Tunda yanzu kana so ka riƙa juya ta daga gida, bari in gaya maka abin da za ka tarar, don kada ka yi ta zaginta ba da laifinta ba.

Ba don komai Puppy ke gudu a kan kwamfutar da ta gaji ba sai don an sauke masa kaya. Barry Kauler, mutumin Ostireliya da ya faro shi a 2003, ya ƙanƙance shi ne yadda zai shige cikin RAM ya yi aiki daga can. Su kuwa TeamViewer da AnyDesk, manhajojin juya kwamfuta daga nesa na kamfanonin Jamus, an gina su da zaton za su sauka a kan cikakkiyar babbar manhaja irin Ubuntu ko Fedora. Kamar baƙo ne da ya saba tarar da tabarma da buta a masauki, ka kai shi ɗakin gwauro. In ka danna ɗaya daga cikinsu ta ƙi buɗewa, lafiyarta ƙalau, wani abu ta nema ba ta samu ba.

To ka tambaye ta mana. Danna hotonta da linzami ba zai gaya maka komai ba, shiru kawai za ka ji. Buɗe tagar umarni ka rubuta sunanta, nan za ta faɗi abin da ta rasa. Akwai kuma umarnin ldd: ka rubuta shi ka biyo da hanyar fayil ɗin manhajar, sai ya jero ƙananan fayilolin da take jingina da su, ya nuna waɗanda babu. Su za ka nemo a ma'ajiyar manhajojin Puppy, ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri. Amma tun kafin ka ƙona data wajen sauke wani abu, rubuta uname -m. In ka ga x86_64, Puppy ɗinka mai bit 64 ne. In i686 ya fito, mai 32 ne, kuma manhajar da aka yi don 64 ba za ta tashi a kansa ba ko ka kwana kana dabara.

Ni dai da x11vnc zan fara. Fasahar VNC da yake aiki da ita ta daɗe, tun ƙarshen shekarun 1990 ta fito daga ɗakin binciken Olivetti a Kambirij ta Ingila, kuma ba ta da cin ƙarfi. Abin da ya sa nake son x11vnc, ainihin allon da ke gaban yaron shago yake nuna maka, har ka ga linzaminsa yana motsi. TigerVNC kuwa, in ka tayar da shi yadda aka saba, wani allo sabo yake buɗe maka a ƙofa ta 5901, kana can kana gyara, yaro yana rantse maka a waya bai ga abin da ya motsa ba. Shi x11vnc a ƙofa ta 5900 yake jira. Ka haɗa masa da -forever, in ba haka ba, ka shiga sau ɗaya ka fita, shi ke nan ya rufe kansa.

Yanzu ka natsu, nan ne nake so ka ji ni da kyau. A Puppy kai ne root, wato mai cikakken iko, tun daga kunnawa. Duk wanda ya shigo ta wannan ƙofa, wannan ikon zai tarar, ya goge abin da ya so, ya kwashi lissafin ciniki. Sannan tsohon tsarin kalmar sirri na VNC haruffa 8 na farko kawai yake dubawa, ko ka rubuta 30, kuma abin da ke wucewa tsakaninku ba a ɓoye yake ba. Saboda haka kada ka buɗe 5900 a rauta ta fuskanci intanet. Ka sa wa x11vnc -localhost, ka girka sabar SSH, ka bi ta cikinta daga gida, ita ce za ta lulluɓe zirga-zirgar. Ka kuma ja wa yaron shago kunne: duk wanda ya kira shi, ko ya ce daga banki ne, yana neman lambar shiga AnyDesk, ya kashe wayarsa.

Wata matsalar kuma ba ta Puppy ba ce sam. In intanet ɗin shagon na layin waya ne, galibi kamfani yana tara masu layi da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya, don haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa wa kwamfutarka kai tsaye. Za ka ga a cikin shago komai na tafiya, kana isa gida ya ƙi. A nan ne su AnyDesk da RustDesk suke da rana, domin kowane ɓangare fita yake yi, su haɗu a sabar da ke tsakiya. In haka layinka yake, wahalar neman fayilolin nan ba ta faɗi ƙasa banza ba. RustDesk ma yana ba ka damar kafa taka sabar in ka ƙware.

Abu na ƙarshe, wanda gaggawa ke sa a manta: abin da ke cikin RAM tafiya yake da an kashe. In ba ka yi fayil ɗin ajiya ba, duk abin da ka girka yau, gobe babu shi. Ka yi shi, ka kuma saka ɗan umarnin tayar da manhajar a cikin /root/Startup don ta tashi da kanta. Ka leƙa BIOS, yawancin kwamfutocin tebur suna da zaɓin kunna kansu in wuta ta dawo, ka kunna shi, don wutar nan tamu ka san halinta. Daga nan ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ka fita bakin shago, ka cire wayarka daga intanet ɗin shagon, ka gwada shiga da datarka. In hoton yana jan ƙafa, rage yawan launi da girman allo a manhajar da kake kallo da ita, zai saki.