Gwajin Hali Ya Ce Ni Mai Shiru Ce: Shin Ban Cancanci Shugabanci Ba?

TAMBAYA: A wurin aikinmu an kawo mai horar da shugabanni, ya sa muka amsa tambayoyi a kwamfuta. Sakamakona ya fito da haruffa huɗu, ISFJ, aka ce ni mai shiru-shiru ce. Tun daga ranar shugaban sashenmu bai sake ba ni jagorancin taro ba. Shin gwajin nan abin dogaro ne?
Wata ma'aikaciya daga Kaduna

AMSA: Ki kwantar da hankalinki.

Gwajin da kika yi ana kiransa Myers-Briggs. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa tunanin Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya wallafa littafinsa kan ire-iren halaye a 1921. Ana tambayar mutum kan fannoni huɗu, kowanne da ɓangare biyu, sai a jefa shi cikin ɗaya daga rukunai 16.

A wurin jefawar nan matsalar take. Yawancin mutane a tsakiya suke, ba masu surutu sosai ba, ba kuma masu shiru sosai ba. Amma dole gwajin ya ja layi. Kamar a tsayar da mutum biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya da faɗin yatsa, a ce wannan dogo ne, wancan gajere. Shi ya sa mutane da yawa, in sun maimaita gwajin bayan 'yan makonni, sai harafi ɗaya ko fiye ya canza. Sannan ki lura, ke kika ba da amsoshin da kanki. Macen da ta tashi da kunya da kawaici, wadda ba ta katse babba in yana magana, za ta iya fitowa a "mai shiru" alhali tarbiyya ce aka auna.

Wataƙila da kika karanta bayanin sakamakonki kin ji kamar ya san ki. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kowa na zaton nasa ne shi kaɗai. Akasarinsu suka ce ya dace da su ƙwarai.

Ba na cewa gwajin ba shi da amfani. A hannun mai horarwa nagari yana buɗe hira: me ya sa wane yake son a yanke shawara nan take, wance kuma sai ta kwana da maganar? Iyakarsa ke nan. Kamfanin da ke sayar da gwajin ma da kansa ya ce kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata.

Gaskiya ne an fi saurin tura masu baki gaba. Sai dai a 2011 Adam Grant da abokan bincikensa sun duba shagunan sayar da fiza a Amurka, suka gano cewa inda ma'aikata ke kawo shawarwari da kansu, shugabanni masu shiru sun fi kawo riba, domin suna saurare.

Don haka, Malama, ki sami shugabanki a keɓe, cikin ladabi. Ki tuna masa tarukan da kika jagoranta a baya da abin da suka haifar, ki roƙi a auna ki da aikinki. Ku kuma shugabanni, don Allah kada ku hana ma'aikaci damarsa saboda haruffa huɗu.