Tafinta A Cikin Allo: Jan Hankali Ga Ma'aikatan Asibiti

Jama'a, mu lura da halin da kurma yake shiga idan ya je asibiti. Ko dai a miƙa masa biro da takarda, ko a jawo ɗansa ƙarami a ce ya yi tafinta. Wanda ya san kunya ya san akwai maganar da uwa ba za ta taɓa yi wa likita ta hannun ɗanta ba, sai ta haɗiye ciwonta ta koma gida.

A Amurka, dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa asibitoci su tanadi hanyar fahimtar juna da kurame. Da yake ba kowane dare ake samun tafinta a kusa ba, sai aka ɓullo da tafinta daga nesa. Nas za ta turo kwamfuta a kan ƙarfe mai taya zuwa bakin gado. Tafinta yana zaune a wani gari, yana jin likita ta intanet yana mayar da maganarsa zuwa hannu, yana kallon hannun majinyaci yana mayarwa da baki.

Dabara ce mai kyau, amma tana da sharuɗɗa. A 2010 ma'aikatar shari'a ta ƙasar ta gindaya su: kada hoto ya riƙa sarƙewa ko dishi-dishi, allon ya isa ya nuna fuska da hannaye da yatsu, murya ta fita tangaran, ma'aikata kuma su iya kunna na'urar ba ɓata lokaci. Kada a raina batun fuska. A maganar hannu ta Amurka, ɗaga gira ke mayar da zance tambaya. In hoto ya tsaya na ƙiftawar ido, "kin sha maganin?" sai ta zama "kin sha maganin", kowa ya kama gabansa da fahimtarsa daban.

Wasu kurame a Florida sun kai asibitocin Baptist Health ƙara saboda yawan lalacewar na'urar. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba sai kurma ya nuna an yi masa lahani a jiki ba, ya isa ya nuna an tauye shi wajen musayar bayanin lafiyarsa.

Akwai kuma inda allo ba ya aiki ko da intanet ɗin lafiya lau. Mai naƙuda ba ta iya kafa wa allo ido. Haka wanda aka kwantar rub da ciki, da mai raunin gani, da wanda allurar barci ba ta sake shi ba. Labari mai nauyi irin na ciwon daji kuwa, a ganina, da tafinta tsaye a ɗakin ya kamata a faɗe shi.

A Najeriya ma dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta umarci asibitocin gwamnati su tanadi hanyar magana da masu lalurar ji ko magana. Duk asibitin da zai gwada allo, to ya san maganar hannun da ake koya a makarantun kurame ta samo asali ne daga ta Amurka, ta kuma bambanta da maganar hannu ta ƙasar Hausa wadda kurame ke yi a kasuwa da ƙauye. Kafin a kira tafinta, a fara tambayar majinyaci wacce yake yi.