Zanen da Ba Ya Kama da Komai, Fasaha Ne?

Wani mai sauraronmu daga Malanville a Jamhuriyar Benin ya tambaya: shin zanen zamani da babu mutum ko dabba a cikinsa, sai launuka da layuka, gwaninta ce ko shirme?

Malam, gwaninta ce, kuma idonka ya daɗe da saninta. In ka shiga kasuwar Malanville, dubi aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagin da magina ke yi a bangon gidajen Zariya da Damagaram. Ba hoton kowa ba ne, amma kana gani ka san na gwani da na ɗan koyo. A kan wannan gado masu zanen yau suke gini. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya don haɗa salon gida da dabarun da Turawa suka kawo. Abdoulaye Konaté na Mali, haifaffen 1953, yana yanka yadi siri-siri, ya jera launi bisa launi, ya ɗinke su har su rufe bango guda.

Za ka ce ai riga sawa ake yi, zane kuwa ratayewa kawai. Haka ne, sai dai rigar da ba aiki ma tana rufe jiki. Don daɗin ido kake ƙara kuɗi. Masu cewa ko yaro zai iya kuma, ai yaro dace yake yi, gwani kuwa ya san dalilin ajiye shuɗi kusa da fari, kuma gobe zai iya sake yi.