Banki da Benci: Tarihin Wata Kalmar Ingilishi

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ɗin Ingilishi yana neman kalmar "bank" zai tarar an jera ta sau biyu ko uku, kowace da bayaninta. Ta farko tana nufin gaɓar kogi ko tudun ƙasa, ta biyu kuma gidan ajiyar kuɗi. Masu ƙamus ba su raba su a banza ba, domin ta hanyoyi daban-daban suka shiga Ingilishi, kusan shekara 300 a tsakaninsu, duk da cewa tushensu guda ne.

Wannan tushe wata tsohuwar kalma ce ta harsunan dangin Jamusanci, mai nufin wuri mai ɗan tudu da za a iya zama a kai. Daga gare ta Ingilishi ya gaji "bench". Mutanen Sikandinabiya, waɗanda suka fara kai hari Ingila a ƙarshen ƙarni na 8 sannan suka zauna a arewa da gabashinta, sun zo da tasu siffar kalmar mai nufin tudu ko gangare. Ita ce ta bayyana a rubuce wajen shekarar 1200 da ma'anar gaɓa. A kan wannan ma'ana aka ɗora wasu: tarin yashi a cikin teku, gungun gajimare, har da karkatar jirgin sama idan zai sha kwana.

Ta kuɗin kuwa ta yi doguwar tafiya. Italiyawa sun aro kalmar daga ƙabilun Jamusawa da suka mamaye ƙasarsu bayan rushewar daular Rum, suka mai da ita "banca", wato benci ko tebur. A biranen ciniki irin su Fulorans da Benis da Janowa, 'yan canji kan kafa teburinsu a kasuwa suna musayar kuɗin ƙasashe. Sannu a hankali sunan teburin ya koma sunan sana'ar, ya kuma bi ta har cikin manyan gine-gine. Gidan Medici ya buɗe bankinsa a Fulorans a 1397, Monte dei Paschi na Siyena kuma yana ƙidaya shekarunsa daga 1472. Ta hanyar Faransanci kalmar ta isa Ingila a ƙarshen ƙarni na 15.

Daga nan ne "bankrupt" ta samo asali, domin "banca rotta" na nufin karyayyen benci. Samuel Johnson ya kawo a ƙamus ɗinsa labarin cewa akan farfasa teburin ɗan canjin da ya kasa biyan jama'a. Labarin yana da daɗin ji, amma ba lallai sai an fasa katako ba kafin a yi maganar karya. Bahaushe ma yana cewa jari ya karye.

A ƙarni na 20 ma'anar ajiya ta rabu da kuɗi. A 1937 Dakta Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a asibitin Cook County da ke Cikago, ya kira ta "blood bank", domin ana ajiyewa ana kuma ɗiba. Ma'ajiyar iri da ta bayanan kwamfuta sun bi sahu.

Hausa ta aro "banki" da "benci" duka biyu a zamanin Turawa, ba tare da mai magana ya san 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Ma'anar gaɓa kuwa ba ta shigo ba, kuma a nan tarkon mai fassara yake. Yankin Falasɗinawa da ake kira "West Bank" babu ruwansa da ajiyar kuɗi; gaɓar yamma ce ta Kogin Jodan. Haka kuma "banki" da ake yi wa yagaggiyar riga kalmar Hausa ce ta gado, kamar rubutu kawai ya haɗa ta da ta aro.