Shawara a Kan Ragowar Kafet

Duk wanda ya taɓa kwana a Doguwa ko Riruwai cikin hunturu, sa'ad da iska ke gangarowa daga duwatsu, ya san daɓen siminti ba ya takuwa da asuba. Saboda haka, a ganina, almubazzaranci ne, wanda shari'a ta hana, mutum ya shimfiɗa sabon kafet sa'an nan ya watsar da guntayen da suka saura.

Maimakon haka, a kifa guntun, a ja layi da alli ta bayansa, a yanka da wuƙa mai kaifi, kana a kai wa baduku ya ɗinke bakin da fata, domin muddin ba a kalmashe shi ba, zaren zai yi ta warwarewa har ya lalace. Babba ya tafi gaban gado, ƙanana kuwa a sa ƙarƙashin ƙafafun kujera, kada su karce daɓe.

Da damina lalle a riƙa shanya guntayen, don danshi kan kawo fumfuna. Amma ragowar kafet na masallaci wakafi ne, bai halatta a ɗauka ba sai da iznin masu kula da shi.