Ta Ina Za a Bi a Ga Yaronka a Filin Ƙwallo?

Ni malamin wasanni ne a makarantar sakandare, da yamma kuma ina horar da yara ƙwallo a nan Dutsin-Ma. Tambayar da iyaye suka fi tare ni da ita ita ce: "Koci, yaron nan fa ya iya, ta ina za a bi a gan shi?"

Masu farautar 'yan wasa ba sa bin unguwa-unguwa suna leƙen yara. Gasa suke bi. Komai iyawar yaro, in wasansa bai wuce filin bayan gida ba, 'yan unguwa ne kawai za su san shi. Sai ya shiga ƙungiyar makarantarsa, ya buga gasar makarantu da kofin ƙaramar hukuma, sannan ya samu kulob mai rajista da hukumar ƙwallon jiha. Daga nan ake hawa zuwa rukunin NLO, sai NNL, sai babbar gasar NPFL, wadda Katsina United da Kano Pillars suka saba bugawa. Ahmed Musa ma ta wannan tsani ya bi. Daga makarantar horarwa ta GBS a Jos ya shiga ƙungiyar JUTH, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, kafin VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010.

Matsalar tsaro ta sa baƙi ba su cika zuwa yankinmu ba, don haka bidiyo ya zama dole. Amma a ɗauki wasa cikakke, daga busa zuwa tashi. Guntun bidiyon yanka da aka ɗora wa kiɗa ba ya gamsar da kowa. Mai neman ɗan wasa yana son ya ga inda yaro yake tsayawa in ba ya da ƙwallo, yadda yake tare ta, ko yana amfani da ƙafa biyu, da abin da yake yi in alƙalin wasa ya busa masa laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne rage shekaru. Har ya zama kamar ba laifi ba, za ka ji ana cewa wai shekarun ƙwallo daban, na gida daban. Saurayi mai shekara 21 sai a yi masa takardar rantsuwa a ce 16 gare shi. Tun 2009 hukumar FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, domin ƙashin yana nuna ko girma ya kammala. A 2016, Nijeriya tana riƙe da kofin duniya na wannan rukuni, 'yan wasanta 26 suka faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya rage shekara ya tare wa yaro na gaskiya gurbi, shi kuma ran da sunansa da ranar haihuwarsa suka saɓa tsakanin takardar haihuwa, lambar NIN, fasfo da sakamakon WAEC, tafiyar ta tsaya ke nan. Ku karɓar wa 'ya'yanku takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya tun suna ƙanana, kuma kada ku bari kowa ya taɓa ta.

Sai maganar masu kiran kansu ejan. Na san wani uba daga wajen Kurfi da ya sayar da shanun nomansa, saboda wani ya yi alkawarin kai ɗansa gwaji Turai. Yaron ya yi watanni a Legas yana jiran biza, ya dawo gida ba kuɗi, ajinsa kuma ya wuce shi. Da an tambaya, da an gane tun farko cewa abin ba zai yiwu ba, domin yaron bai kai 18 ba, kuma dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin wannan shekara, sai da wasu 'yan dalilai da ba su cika shafar yaranmu ba. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2015 a Chile, amma sai da ya cika 18 sannan ya koma Wolfsburg a Janairun 2017. Kulob da ke son yaro da gaske shi ke biyan kuɗin jirgi da masauki, ya kuma aiko da takardar gayyata mai ɗauke da sunan yaron. Ejan na ƙwarai yana da lasisin FIFA, kuma ba ya jin haushi in ka ce ya nuna maka.

Kada kuma a bar aji saboda fili. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna nan a ƙofar gidanmu, kuma manyan makarantu suna da gasanninsu, NUGA ga jami'o'i, NICEGA ga kwalejojin ilimi. Ba a shiga jami'a da iya bugu kawai, sai da JAMB da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ko a Amurka, inda kociyoyin jami'o'i ke zuwa makarantun sakandare neman 'yan wasa suna ba su tallafin karatu, sai an duba sakamakon jarrabawa kafin a bar yaro ya buga. Gwiwa tana iya lalacewa a wasa ɗaya, na ga haka da idona.

Iyaye, ku riƙa zuwa fili kuna kallon 'ya'yanku, ku san kocinsu da abokan wasansu. Duk wanda ya zo muku da maganar gwaji yana neman kuɗi, ku dakata, ku zo mu je tare ofishin hukumar ƙwallon jiha a Katsina a bincika shi kafin ku sa hannu a kowace takarda.